Yadda ake kai ziyara Dajin Falgore da duwatsun Riruwai ba tare da an ɓata su ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos daga Kano ya san inda ƙasa take sauya kama. Kana barin Kwanar Ɗangora ka nufi Tudun Wada, gero sai ya fara ja da baya, masara da rake su karɓe gonaki, bishiyoyi su ƙara tsayi, har ka shiga Dajin Falgore inda direba yake rage hira ya ƙara wuta. Yawancinmu iyakar saninmu da dajin ke nan, ta tagar mota, da addu'a a baki.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren ƙauye a wannan yanki, kuma na sha ɗaukar ɗalibai da samarin unguwa zuwa bakin dajin da kan duwatsun Riruwai. Buri biyu nake tafiya da su, kuma a haɗe suke: a je a gani a dawo lafiya, sannan mutanen da ke zaune a gindin dutsen su ji zuwanmu a aljihunsu. In na biyun bai samu ba, dajin ba zai daɗe ba, domin wanda ba ya samun komai daga bishiya tana tsaye zai nemi samu daga gare ta a buhun gawayi.

Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe wurin da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wurare goma da aka amince su zama gandun daji na ƙasa, tare da Baturiya ta Jigawa. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma ruwan Tiga ne manoman rani na Kadawa da Kura suke ban ruwa da shi. Duk gangaren da aka sare wa bishiya a can sama, ƙasarsa ruwan sama zai kwaso ya jibge a madatsar. Su kuwa duwatsun Riruwai suna maƙwabtaka da dajin ta ɓangaren Doguwa, kuma tsayinsu ya haura mita 1,000 daga doron teku, alhali Dutsen Dala 534 ne.

Mataki na farko: tambayi hanya kafin ka tara mutane

Falgore ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har sojoji suka riƙa yin atisaye a ciki. Halin da ake ciki yana sauyawa daga wata zuwa wata, saboda haka labarin bara ba ya yi maka amfani bana. Wuri uku nake tambaya: ofishin 'yan sanda na yankin, direbobin tasha da suke bin hanyar kullum, da dagacin ƙauyen da za mu sauka tare da 'yan sintirinsa. In ɗaya daga cikin ukun ya ce a dakata, an dakata ke nan, ko da an riga an biya kuɗin mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sannan ana gobe tafiya sai ka sake buga musu waya duka.

Kada kuma ka yi shelar rana da wurin zuwa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp. Iyaye su sani, hukuma ta sani, shi ke nan. Hotuna sa jira a dawo.

Mataki na biyu: takarda da gaisuwa

Gandun daji yana da masu shi. Rubuta takarda da sunan makarantarku ko ƙungiyarku zuwa ga sashen kula da gandun daji na ƙaramar hukuma, su za su faɗa maka ko sai ka dangana da Ma'aikatar Muhalli a Kano. Sa ranar zuwa, yawan mutane, sunayensu da lambar wayar shugaban tafiya. Yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ka riƙe a aljihu. Duk kuɗin da aka ce ka biya, karɓi rasit. Malaman daji su ne za su nuna maka inda aka yarda baƙo ya taka da inda aka hana, kuma a cikin gandun ba a shiga sai da ɗayansu.

Takardar gwamnati ba ta ɗauke maka gaisuwar sarauta. Mako guda kafin tafiya ka je da kanka, ka fara da hakimi, ya haɗa ka da dagaci, da ɗan goronka a hannu. Zuwana na farko na durƙusa a zauren wani dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, yara ne 'yan makaranta suke so su ga dutse." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, dutse ba ya gudu. Wa zai kai ku, wa kuma zai dawo da ku?" Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Nan take ya aika aka kira wani dattijo, tsohon maharbi, kuma tun ranar ban taɓa hawa ba sai da shi ko wanda ya ba ni.

In da 'yan mata a tafiyar, sai da malama mace da amincewar iyaye a rubuce.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, daji da sauran kore, ƙoramu ba su ƙafe ba, mafaɗar ruwa ta Zainabi tana zuba, sararin sama kuma garau. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo yakan rufe nesa, ka sha wahalar hawa ka rasa abin gani. Maris da Afrilu zafi ne mai kayar da yaro. Tsakiyar damina kuwa dutse santsi, ciyawa ta fi mutum, rafin da ka tsallake da safe da ruwa iya idon sawu yana iya cika kafin la'asar saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama.

Mataki na huɗu: jagora

A nan zan daɗe, domin nan ne ruhin tafiyar. Sai da ɗan gari akan ci gari. Jagora ɗaya ga kowane mutum goma, da wani saurayi ɗan ƙauyen da zai tsaya a baya. Kada ayarin ya wuce mutum ashirin. In kun fi haka ku rabu kwana biyu. Taro mai yawa yana korar duk abin da aka zo gani, yana kuma tattake ƙananan tsirrai a gefen turba.

Ku yanke ladan jagora tun kafin ranar, a gaban dagaci, kuma kada ka yi masa cinikin kasuwa. Ma'aunina shi ne abin da ɗan ƙwadago yake samu a yini lokacin kaka, in ninka shi biyu, saurayin baya kuma a ba shi na yini cikakke. A hannunsa ake ba shi, ba ta hannun wani ba. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: ranar ba harbi, ba ɗana tarko.

Ga abin da kuɗin yake saya. Wata safiya muna tsakiyar hawa Baba, tsohon maharbin nan, ya tsaya cak, ya nuna wani farin zane da ya gangaro a jikin dutse kamar an zubar da farar ƙasa. Yara suka ce kashin tsuntsu ne. Ya kai sandarsa wani tsagi a sama, sai ga tarin 'yan ƙananan kashi kamar na akuya. "Gidan rema ne," in ji shi, "wuri ɗaya suke yi, kaka da kakanni. Ku zauna ku yi shiru, rana na bugun dutsen za su fito shan hantsi." Muka zauna kusan minti ashirin, suka kuwa fito, guda biyar. Gaba kaɗan ya nuna mana duwatsu ƙanana da aka birkice, ƙasan kowanne da sauran danshi. Ya ce gwaggon biri ne suka bi da asuba suna neman kunama da ƙwari. Wani yaro ya ce, "Baba, ya aka yi ka san da asuba ne?" Ya ce, "Taɓa ka ji, ɗana. Da jiya ne da ta bushe."

Babu littafin da ke ɗakin karatunmu da zai koya wa yaro wannan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bin sawun dabba don ya kashe, ranar nan an biya shi don ya nuna ta da rai, kuma samarin ƙauyen suna kallo. Ka sa yara su tambaye shi sunan kowace bishiya da amfaninta: doka, maje, kaɗanya, ɗorawa, marke, ɗinya, kanya. Su rubuta da Hausa yadda ya faɗa.

Kada ka yi wa kowa alƙawarin zaki ko giwa. Abin da ake sa ran gani shi ne birai, rema, zomo, gada in an yi sa'a, sawun mugun dawa, da tsuntsaye masu yawa: zabin daji, fakara, cilakowa, shirwa, wani lokaci burtu.

Mataki na biyar: kaya

Ruwa lita uku ga kowane mutum, a gora ko jarka. Ruwan leda na hana shi gaba ɗaya, domin ko yaya ka sa ido sai ka tarar da ledoji a maƙale a ƙaya. Takalmi mai rufi mai kama ƙasa, ban da silifas. Dogon wando, riga mai dogon hannu, malafa, sanda. Abinci mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, gurasa. Shugaban tafiya ya riƙe bandeji, maganin wanke ciwo, farasitamol, tocila, usur, da haɗin gishiri da sukari. In na kanti ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Buhu biyu na shara. Waya a cike da caji, amma ka san sabis yana ɗaukewa a kwazazzabai, saboda haka ka bar wa dagaci lokacin da ya kamata a gan ku.

Abin da ake bari a gida: turare mai ƙarfi saboda ƙudan zuma, lasifika, gwafa ta harbin tsuntsu, fenti ko alli. Ashana da laita kuwa a bakin mota nake karɓe su, ga dalili.

Wata shekara a Disamba, muna hutawa a wani fako, samari biyu suka koma gefe suka hura 'yar wuta za su gasa dankali. Iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi ta jefa a busasshiyar ciyawa. Kafin a ce me, wutar ta fi tsayin mutum. Muka karyo ɗanyen ganye muna bugu, mu da jagora da wasu makiyaya biyu da suka rugo, kusan awa guda kafin ta mutu. Da shekara ta zagayo na bi ta wurin. Manyan bishiyoyi sun farfaɗo, amma 'ya'yan doka da ba su wuce gwiwa ba duk sun tafi, sai baƙaƙen tsinke. Har yau abin yana damuna, domin ni na kai su. Wutar farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, sama-sama take bi. Ta tsakiyar rani ita ce mai cin ƙananan bishiyoyi, ta bar ƙasa tsirara ga ruwan farko.

Mataki na shida: ranar hawa

Ku kwana a gari, a gidan da dagaci ya ba ku ko a ajin firamare da izinin hedimasta. Ba a kwana a daji, ba a kuma bin hanyar Falgore da dare. Ana idar da asuba a karya, ƙarfe bakwai ta yi muku a gindin dutse.

Kafin a ɗaga ƙafa, ƙirga mutane da ƙarfi, kowa ya riƙe lambarsa. Za a sake ƙirgawa a kowane hutu. Wanda ya fi kowa rauni shi ke bin bayan jagora, tafiyarsa ce tafiyar kowa. Sannu ba ta hana zuwa. Layi ɗaya, a kan turbar da ake bi, ba yanke. Duk bayan minti arba'in a huta goma, a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi. Usur sau uku na nufin kowa ya tsaya inda yake.

Ka yanke lokacin juyawa tun a ƙasa. Nawa ƙarfe ɗaya ne: duk inda azahar ta same mu, nan za mu yi salla mu juyo, ko da ƙololuwar tana gabanmu kamar a miƙa hannu. Samari za su roƙe ka, kada ka saurara. Saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, a nan ake gurɗewa. Inda dutse ya yi baƙi-baƙi da gansakuka, a zauna a sauko da mazaunai.

In kun isa sama, ka ba su minti goma na shiru kafin a fara hoto. Daga can ake ganin yadda kore yake bin ƙoramu kamar jijiya, da inda gonaki suka ci gefen daji, da hayaƙin masu gawayi yana tashi siriri daga wurare. Darasin da nake yin zango guda ina zanawa a allo, a nan yaro yake gane shi da kansa.

Alwala a ɗebi ruwa a koma gefe, kada a yi ta a cikin idon ruwan da mutane da shanu suke sha. Sabulu kuma kada ya kusanci rafi. Mai bukatar zagayawa ya yi nisa da ruwa da turba da inuwar da ake hutawa, kamar yadda aka karantar da mu tun a makarantar allo, ya tona rami ya rufe.

Maciji, zuma da ruwa

Kububuwa da kasa suna kwanciya a inda ƙafa take sauka, launinsu kuma na ƙasa ne. Kada a sa hannu a tsagin dutse ko ƙarƙashin gungume, kada a ɗaga dutse da hannu. In tsautsayi ya faɗa: kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada ya taka, a nufi asibiti. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya ganin kamar lafiyarsa lau sai daga baya jini ya ɓalle, saboda haka ko ya ce ba ya jin komai a tafi. Tun ranar da ka je gaisuwa ka tambayi asibitin da ke da allurar dafin maciji a kusa, ka kuma sa direba ya zauna a gindin dutse da mai a tanki.

Zuma tana yin gida a kogon dutse. Ba jifa, ba ihu a kusa. In ta taso, a rufe fuska da riga a bar wurin ta hanyar da jagora ya nuna.

Riruwai garin kuza ne tun da daɗewa, kuma akwai tsofaffin ramukan haƙa da ruwa ya cika. Samansu lumui, zurfinsu ba a gani, gefensu yana zaftarewa. Ba wanka, ko wa ya ce ya iya ruwa. Kwantaccen ruwa kuma shi ke sa tsargiya.

Mataki na bakwai: inda kuɗinku zai sauka

Kada ku yo dahuwa daga gida. Tun mako guda ka ba matan ƙauyen kuɗin cefane da ladan girki, ku sauko ku tarar da tuwon masara da zafinsa. Ku sayi rake, nono a ruga, daddawa, man kaɗanya, zumar amya. Masu babur na garin su yi jigilar kaya. Ni nakan lissafa tun farko: bayan kuɗin mota, duk abin da ya rage na tafiyar a ƙauyen za a kashe shi.

Abu uku ba ma saya ko an yi mana araha: naman daji, gawayin bakin hanya, da ɗan biri ko tsuntsu a keji. Yara sukan ji tausayin ɗan birin su ce a saya a cece shi. Sai in gaya musu yawanci sai an harbe uwar ake raba ta da ɗanta, kuma kuɗinmu ne zai sa mai harbin ya koma daji gobe. Birai ma ba a jefa musu abinci, in suka saba sai su koma gonakin mutane, a bi su da guba.

Hoton mutum sai da izininsa, musamman mata da 'yan ruga. A gai da Arɗo kafin a ɗaga waya.

In Falgore bai yiwu ba bana

Mutanen Jigawa, da duk wanda aka ce masa ya dakata, ga duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu na mutanen zamanin da a jikin kogo, da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda Baturen nan mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a shekarun 1950. Suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, can ake neman izini. Yini ɗaya ya isa. Ba a taɓa zanen, ba a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ba a rubuta suna a kusa da shi. Wanda kuma ya ƙware ya tara guzuri, babban dutse yana Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya, inda dutsen Chappal Waddi yake da tsayin mita 2,419. Wannan tafiyar kwanaki ce, ta Serti ake shiga, kuma ba ta ɗalibai ba ce.

Dawowa

A gindin dutse a ƙirga mutane, a duba buhunan shara, har da wadda kuka tsinta ba taku ba; a motarku za ta koma gari. Kowa ya duba ƙafafunsa da wuyansa saboda kaska. A sallami jagora, a koma a yi wa dagaci ban kwana, a fita daga hanyar daji da sauran rana. Kuna isa gida ka buga masa waya ka ce an sauka lafiya.

Kafin mako ya zagayo nakan tara yaran mu cika littafin tafiya: kwanan wata, turbar da aka bi, dabbar da aka gani da ido, wadda aka ga sawunta kawai, inda aka tarar da sabon kututture ko ramin gawayi, da ko ƙoramar da muka sha bara tana nan. Kwafi ɗaya yana zama a makaranta. Ɗayan nakan kai wa malaman daji, tare da hoton Baba da na wanke masa, duk ranar kasuwar da hanya ta bi da ni ta can.